Bororo a Jikin Jirgin Faiba: A Saya Ko a Bari?

Duk wanda ya san Baure ya san ba ƙasar kogi ba ce. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi, ta gero da wake da gyaɗa, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar da kuma Jihar Jigawa. Saboda haka mai karatu zai iya mamakin abin da ya haɗa mutumin Baure da cinikin jirgin ruwa. Amma in damina ta yi nisa, tafkuna suka cika, fadamu suka tumbatsa, akan sami wuraren da ba a ƙetarewa sai da kwale-kwale. Bayan haka kuma ga madatsun ruwa na Sabke da Daberam a yankin Daura, inda masunta ke neman abincinsu rani da damina.

Masarautar Daura ta riga ta ɗanɗani ɗacin wannan al'amari. A farkon watan Mayu na shekarar 2022, ana cikin hidimar Ƙaramar Salla, wani kwale-kwale ya kife a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, mutane fiye da 10 suka rasu, yawancinsu yara. Watanni biyar kafin nan, watau ran 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgin ya nutse a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka tsamo gawa aƙalla 29, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Tun daga lokacin, duk wurin da ruwa ke raba jama'a da kasuwa ko makaranta, maganar da ke bakin dattawa da hukuma ita ce a nemi jirgi mai aminci.

To, jirgin da ake nunawa da yatsa in an yi wannan magana shi ne na faiba. Sabonsa yana da tsada ainun, don haka ƙungiyar masunta, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko ma Ƙaramar Hukuma, takan karkata ga wanda aka riga aka yi aiki da shi. A nan ne ake cin karo da tambayar da ta sa aka yi wannan rubutu. An kawo jirgi, farashinsa da sauƙi, fentinsa na sheƙi, amma da aka shafa ƙasansa sai aka ji wasu ƙulle-ƙulle kamar ƙurajen zafi, wasu kuma sun tasa kamar bororon ƙuna. Mai sayarwa ya ce fenti ne kawai ya kumbura. A saya ko a bari?

DAGA KATAKO ZUWA FAIBA

Tun kaka da kakanni, jirgin da Sarkawa da sauran masunta suka sani shi ne wanda aka sassaƙa daga gungumen maɗaci ko rimi, daga baya kuma aka shiga haɗa na katako da ƙusa. Irin waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a arewa, kuma jirgin katako yana ruɓewa, yana tsagewa in ya sha rana, kullum sai an bi shi da toshiya. Manyan haɗurran da aka yi, kamar na Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ran 26 ga Mayu 2021, inda mutane fiye da 100 suka salwanta, sun ƙara wa hukuma ƙyamar tsofaffin jiragen katako. A shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku da albarkatun ruwa, kuma a 2025 ministanta, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su janye jiragen katako daga ɗaukar fasinja, su maye gurbinsu da na faiba da na alminiyum.

Shi jirgin faiba ba baƙo ba ne a duniya. A shekarar 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning a Amurka don sarrafa zaren gilashi, kuma a 1942 wani mutum mai suna Ray Greene, a birnin Toledo na Jihar Ohayo, ya ƙera ƙaramin jirgi da wannan zare haɗe da danƙon foliyesta. Kafin ƙarshen shekarun 1960, yawancin ƙananan jiragen shaƙatawa a Turai da Amurka na faiba ne. A lokacin an ɗauka an sami abin da ruwa ba ya yi wa kome. Sai a shekarun 1970 da 1980 masu jirage suka fara ganin bororo ya feso a ƙasan jiragensu, hankali ya tashi, farashin tsofaffin jirage ya faɗi, har aka kai wasu masu ƙira gaban alƙali. Abin ya kai ga hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ɗauki nauyin bincike a Jami'ar Rhode Island, inda malamai biyu, Thomas Rockett da Vincent Rose, suka fito da rahoto a 1987 a kan musabbabin bororon. Ke nan abin da mai saye a Baure yake gani yau, an shekara kusan 40 da sanin asalinsa.

YADDA AKE ƘERA SHI

Ba za a gane cutar ba sai an san jikin. Ana ƙera jirgin faiba ne a cikin wani mazubi mai siffar jirgi, daga waje zuwa ciki. Abin da ake fara shafawa shi ne wani danƙo mai launi wanda maƙera ke kira jelkot. Shi ne fatar jirgin, shi ne mai santsi da sheƙin da ido ke gani, kuma kaurinsa bai wuce kamar rabin milimita ba, watau kusan kaurin farce. In ya fara daskarewa, sai a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi a kansa, a jiƙa ta da danƙon foliyesta, a bi da abin murzawa don a kori iska. A sake shimfiɗa wata, a sake jiƙawa, haka haka har a sami kaurin da ake bukata. Waɗannan shimfiɗu su ne naman jirgin, su ne ƙarfinsa.

Akwai kuma sassan da ba a gani. A bayan jirgi akwai allon da ake rataya inji, wanda sau da yawa katakon filawud ne aka lulluɓe da faiba. A ƙarƙashin daɓen jirgi akwai haƙarƙarin da ke riƙe shi kada ya lanƙwashe, su ma a tsofaffin jirage galibi katako ne a ciki. Sa'an nan akwai akwatunan iska, ko wuraren da aka cika da wani irin soso mai ƙarfi, a ƙarƙashin kujeru ko a goshi da baya.

Ya kamata mai karatu ya riƙe maganar akwatunan nan da kyau. Jirgin katako in ya cika da ruwa, sau da yawa yakan ci gaba da yawo a saman ruwa, har waɗanda suka faɗa su sami abin riƙewa. Faiba kuwa ta fi ruwa nauyi, kamar sau ɗaya da rabi. In jirgin faiba ya cika, babu abin da zai hana shi zuwa ƙasa sai waɗannan akwatuna da soson da ke cikinsu.

ABIN DA KE KAWO BORORO

Ko da yake fatar jirgi tana da santsi kamar tangaran, ba ta hana ruwa shiga ɗungum. In jirgi ya zauna cikin ruwa wata da watanni, laima takan ratsa ta a hankali. Ita kaɗai wannan laima ba ta da wata illa. Matsalar tana farawa ne in ta iske wani ɗan gurbi a bayan fatar, watau kumfar iskar da maƙeri bai kora ba, ko wurin da danƙo bai jiƙa zaren sosai ba. A irin wannan gurbi akan sami ragowar sinadaran da ba su daskare ba, da kuma wani manni da ake riƙe zaren tabarmar da shi. Laimar takan narkar da su, sai a sami ɗigon ruwa mai kauri, mai tsami, a kulle a bayan fata.

Daga nan sai abin da ɗalibai ke karantawa a darasin kimiyya da sunan osmosis ya kama aiki. Misalinsa yana kowane gida: in aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, nan da nan za a ga ta yi ruwa, domin ruwa yakan bar inda yake tsarara ya ratsa fata zuwa inda yake da kauri. Haka ɗigon nan mai kauri yake jawo ruwan tafki zuwa cikinsa. Ruwan yana iya shiga, amma sinadaran da suka narke ba su iya fita, domin ƙwayoyinsu sun fi ƙofofin fatar girma. Gurbin ya cika, ya matse, har ya ɗaga fatar. Wannan shi ne bororo.

In aka bar shi shekara da shekaru, tsamin da ke ciki yakan ci gaba da cin danƙon da ke kewaye, ya kuma bi zaren gilashi kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Ta haka ƙananan bororo sukan haɗe, cutar ta sauka daga fata zuwa nama, har shimfiɗun su fara rabuwa da juna. Ingancin ƙira shi ne babban abin da ke bambanta jirgi da jirgi a nan. Akwai danƙo mai araha da ruwa ke saurin ci, akwai masu tsada da suka fi jurewa, kuma jirgin da aka yi cikin gaggawa ya fi yawan gurabun iska.

Akwai abu biyu da suka shafi wannan yanki musamman. Na farko, ruwan daɗi ya fi ruwan teku saurin ta da bororo, domin bambancin kauri tsakanin ruwan waje da ɗigon ciki ya fi yawa. Na biyu, zafi yana gaggauta aikin sinadarai, kuma ruwan Sabke ko na Zobe a watan Afrilu ya fi ruwan tekun Ingila ɗumi nesa ba kusa ba. Saboda haka jirgin da ya zo daga Ikko ko Fatakwal da 'yan ƙuraje kaɗan, in aka jefa shi a madatsa aka bar shi dare da rana, ciwonsa zai fi sauri a nan bisa can. Ruwan saman da aka bari ya kwanta a cikin jirgi shi ma yana cin sa ta ciki, inda ma babu fatar da za ta tare.

KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA

Sharaɗi na farko ga mai saye shi ne kada ya yi ciniki jirgi yana kan ruwa, kada kuma ya yarda da hoton da aka aiko masa ta waya. A fito da shi tudu, a kife shi ko a ɗora a kan tayoyi, a wanke gansakuka da laka. Ya fi kyau a duba shi a ranar da aka fito da shi, domin ƙananan bororo sukan lafa in jirgi ya kwana biyu a rana, su sake tasowa in ya koma ruwa. Jirgin da aka ce ya daɗe a ajiye a tudu, sumul ɗinsa ba shaida ba ce. Haka nan sabon fenti a ƙasan tsohon jirgi abin tambaya ne.

Da sassafe ko da yamma, lokacin da rana ke gefe, ko kuma da dare a haska tocila a kwance da jikin jirgin, kowane ƙullutu zai yi inuwa. A bi da alli a kewaye su, a lura da girmansu da yawansu. Akwai masu girman ƙwayar gero, akwai kamar wake, akwai kamar kwabo, akwai kuma waɗanda suka kai tafin hannu.

Sa'an nan, da izinin mai jirgi, a huda guda biyu ko uku da bakin wuƙa. Lalle mai hudawa ya sa tabarau, domin ruwan da ke ciki a matse yake, yana iya tsartuwa, kuma yana da tsamin da zai cutar da ido. In abin da ya ɓare siririn fenti ne, aka ga fata lafiya lau a ƙarƙashi, to, mai sayarwa ya yi gaskiya. In kuwa ruwa ya fito mai launin shayi, mai santsi a yatsa, mai warin tsami irin na binigar, to, bororon gaske ne. A kankare wurin a duba ƙasansa. In an iske nama mai tauri, mai duhu, wanda wuƙa ba ta shiga, ciwon bai wuce fata ba. In an iske farin zare a bushe, yana tashi kamar audugar rimi, kuma wuƙa tana shiga tsakanin shimfiɗu, ciwon ya kai nama.

Bayan ido sai kunne. A ɗauki ƙaramar guduma ko ƙotar sukudireba a bi jikin jirgin ana ƙwanƙwasawa taƙi bayan taƙi, kamar yadda mai sayen tukunya ke yi a kasuwa. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi. Wurin da shimfiɗu suka rabu yana ba da amo a dushe, kamar an buga fasasshiyar ƙwarya. Masu binciken jirage a manyan tashoshi suna da na'urar auna laima, amma ko babu ita, guduma da kunne mai natsuwa suna gano mafi yawan abin da ake nema.

INDA HAƊARIN YAKE

Masu wannan sana'a a ƙasashen da suka daɗe da jirgin faiba sun yi ittifaƙi cewa da wuya ƙwarai bororon fata shi kaɗai ya nutsar da jirgi. Amfaninsa ga mai saye shi ne ya gaya masa cewa jirgin nan ya daɗe cikin ruwa, ko kuma ƙirarsa ba ta da kyau, don haka a tsananta bincike a wuraren da ke kashe mutane. Wuraren nan uku ne.

Na farko shi ne allon baya. Ruwa yakan shiga ta ramukan ƙusoshin inji ya ruɓar da katakon da ke ciki, alhali waje yana nan garau. A ɗaga injin a girgiza ƙafarsa da ƙarfi. In allon ya motsa, ko aka ga tsaga a kusurwoyinsa, ko aka kwance ƙusa ɗaya baƙin ruwa ya biyo, to, katakon ya tafi. Irin wannan allo yana iya ɓallewa da inji a tsakiyar ruwa.

Na biyu shi ne daɓe da haƙarƙari. Mutum mai nauyi ya taka ko'ina a cikin jirgin. Inda ya ji yana lotsawa kamar katifa, akwai ruɓa a ƙasa.

Na uku shi ne akwatunan iska. Tsohon soso yakan sha ruwa ya riƙe, ya koma kaya a maimakon abin ceto. Alamarsa ita ce jirgi ya yi nauyin da ya wuce girmansa, ko ya zauna a karkace a kan ruwa ba kowa a ciki. Gwajin da ya fi kowane tabbas ba ya bukatar ko kwabo: a cire inji, a kai jirgin bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a cika shi da ruwa fal, a tsaya a gani. In ya tsaya a sama, madalla. In ya kwanta a ƙasa, to, haka zai yi ranar da yake ɗauke da yara.

Akwai kuma alamun da ke tsorata mai saye alhali ba su da nauyi. Farin garin da ke biyo hannu in an shafa gefen jirgi aikin rana ne, wanki da gogewa suna maganinsa. 'Yan tsage-tsage kamar saƙar gizo a fata su ma yawanci tsufa ne, sai dai in sun taru wuri ɗaya kamar tauraro, wanda ke nuna an taɓa buga wurin da dutse ko kututture, sai a duba ta ciki.

GYARA DA KUƊINSA

Gyaran bororo ba ya bukatar babbar masana'anta, amma yana bukatar haƙuri. Ana buɗe kowane ɗaya da injin gurza ko samfefa har a kai lafiyayyen nama, mai aikin yana sanye da tabarau da abin rufe hanci, domin ƙurar gilashi tana cutar da huhu da fata. Daga nan sai wanki da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe, a sake wankewa, sau da yawa. Dalili kuwa shi ne wasu daga cikin sinadaran da ke ciki ba su bin iska, rana ba ta fitar da su, kuma muddin suna nan za su sake jawo laima. Bayan wanki sai shanya ta makonni, wani lokaci ta watanni. In ya bushe sarai, a cike ramukan da danƙon efokzi, inda rami ya yi zurfi a sa sabon zare, a goge, sa'an nan a shafe ƙasan jirgin duka da efokzi shafi huɗu ko biyar don ya zama katanga.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Wanda ya shafa efokzi a kan jirgin da bai bushe ba ya kulle ɓarawo a cikin ɗaki, domin bororon zai dawo, kuma ya fi na da girma. Haka nan abin cike da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi ba na ƙarƙashin ruwa ba ne, yana shan laima.

A nan ƙasar Daura tana da wata falala da mutanen bakin teku ba su da ita. A Turai sai an sa jirgi a rumfa an kunna masa na'urar ɗumama kafin ya bushe. A Baure kuwa iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, za ta yi wannan aiki kyauta. Sai dai kuma akwai nakasu: kayan gyaran da masu hannu a aikin sun fi yawa a kudu, kuma daga Ikko zuwa Daura ya fi kilomita 1,000. Don haka lokacin sayen jirgi mai bororo shi ne ƙarshen damina, yadda za a gyara shi da rani. Wanda ya saya a watan Yuni don ya yi aiki da shi a watan Yuli ba zai sami lokacin gyara ba.

Kafin a yi tayi, sai a zauna a yi lissafi a rubuce: kuɗin jirgi, kuɗin mota, kuɗin efokzi da zare, ladan mai gyara, da watannin da jirgin zai yi a tudu ba ya kawo ko sisi. In jimlar ta kusa kuɗin sabo, to, arahar ta ƙare a baki.

HUKUNCI

Daga abin da ya gabata, ana iya raba jiragen da ake kawowa gida uku. Akwai wanda bororonsa ƙanana ne, a warwatse, ba su wuce fata ba, allon bayansa da daɓensa garau, kuma ya tsaya a sama da aka cika shi da ruwa. Wannan abin saye ne, kuma bororon hujja ce ta neman ragi. Masunci mai jan jirginsa tudu kowace yamma yana iya shekaru da irinsa yana gyara kaɗan kaɗan, domin jirgin da ke kwana a tudu ba ya ba ciwon damar ci gaba.

Akwai wanda bororo ya rufe ƙasansa duka, amma nama da katako lafiya. Wannan sai wanda yake da mai gyara a hannu, da kuɗin kaya, da rani guda na jira.

Akwai kuma wanda bororonsa ya kai tafin hannu, ko guduma ta ba da dusasshen amo a wurare da yawa, ko allon baya yana motsi, ko ya nutse a gwaji. Wannan a bar shi ko da kyauta aka bayar, balle a ce za a ɗauki fasinja da shi.

Ga ma'aikacin da aka ɗora wa sayen jirgi da kuɗin jama'a, nauyin ya fi haka. Ya kamata takardar kwangila ta ambaci cewa sai an duba jirgin a tudu, an yi gwajin cikawa a gaban shaidu, ciki har da Sarkin Ruwa ko wani masunci da ya san aiki, kafin a sa hannu a takardar biya. A nemi sanin shekarar ƙira, da wanda ya ƙera, da adadin mutanen da aka yi shi dominsu, a rubuta adadin da manyan baƙaƙe a jikinsa. A yi masa rajista da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja. A kuma ware kuɗin rigunan ceto a cikin kuɗin jirgin tun farko, kowane mazauni da tasa, har da ƙanana na yara.

Dalilin wannan kuwa a fili yake. Abubuwan da aka fi ambata bayan haɗurran da aka yi a arewa su ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto, da tsufan jirgi. Sauya katako da faiba yana maganin na ƙarshen ne kawai, shi ma in faibar lafiyayya ce. Jirgin da za a saya a bana shi ne zai ɗauki 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa a damina mai zuwa, don haka yini guda da za a ɓata ana kife shi, ana ƙwanƙwasawa, ana cika shi da ruwa a bakin gaɓa, bai yi yawa ba. Allah Ya kiyaye, amin.